Goron da Malam Hammadu Ya Ɓoye a Kunci

A Azare an yi wani mai sayar da hatsi, Malam Hammadu. Mutumin kirki ne, sai dai duk dokar da aka kafa masa sai ya nemo mata ƙofar baya. Goro kuwa, an ce ko barci yake bakinsa na motsi.

Da ƙirjinsa ya fara ɗaurewa in ya ɗaga buhu, likita ya tura shi wani babban asibiti a Abuja a ɗauki hoton zuciyarsa. 'Yarsa Juwairiyya ce ta raka shi. Ma'aikaciyar jinya ta yi musu bayani: za a sa masa wani ruwa ta jijiya wanda na'ura ke iya gani, a ɗauki hoto yana hutawa. Tunda gwiwarsa ba ta jure tafiya a kan inji, za a yi masa allurar da ke buɗe hanyoyin jini kamar ya yi gudu, a sake hoto, a gwada biyun.

Ta ce, "Amma Baba, daga yau zuwa gobe ba shayi, ba kofi, ba goro. Suna kashe ƙarfin allurar."

Ya ce, "To, 'yata."

Da safe Juwairiyya ta ga kuncinsa ya ɗan tasa.

"Baba, mene ne wannan?"

"Cewa aka yi kar a ci. Ni tsotsa nake yi. Wai ni kika rako ko 'yan asibitin?"

Ta sunkuyar da kai. Da ma'aikaciyar ta tambaye shi, ya ce ko ɓarin goro bai haɗiye ba.

An faɗa masa fuskarsa za ta ɗau zafi, numfashi ya ɗan yi nauyi. Da aka yi masa allurar bai ji komai ba, har yana dariya. Allurar ba ta kama ba, hoton bai nuna jijiyar da ta ƙuntace ba.

Ya dawo kasuwa yana shelar cewa zuciyar saurayi gare shi. Damina na sauka ya nufi gonarsa ta Bulkachuwa, ya karɓe fartanya daga hannun ɗan ƙwadago. Kafin azahar aka tsince shi kife a kan kunyar gero.

A zaman makoki mata suna ta cewa, "Ikon Allah, mutumin da aka ce lafiyarsa lau!" Juwairiyya ta juya fuskarta ga bango, hawaye na zuba.

Darasi: ajali na Allah ne, amma wanda ya yi wa mai duba lafiyarsa wayo, kansa ya cuta. In ka karya dokar gwaji ka faɗa, a ɗaga maka rana. In kuma ka ga babba ya karya, kada kunya ta rufe maka baki.