Kafintan da Ya Ce "Zan Zo, Malama"

Ya 'yan'uwana cikin Almasihu, an yi wani kafinta, dattijo ne a ikkilisiyarsu. Bencinan majami'a duk aikin hannunsa ne. Ba ya shan giya, ba ya fashin sujada.

Akwai wata tsohuwa da ta koya masa addu'a tun yana makarantar Lahadi. Malama yake ce mata. 'Yarta ɗaya ce tak, ciwon kwana uku ya ɗauke ta. Daga ranar jana'iza Malama ta daina zuwa sujada.

Wata safiya ta zo shagonsa, ta tsaya cikin ƙurar katako har ya ajiye zarto. Ta ce, "Ɗana, bakina ya ƙi addu'a. Da na durƙusa sai fushi ya cika ni. Ka zo ka riƙa yi mini, ni in riƙa cewa amin."

Ya ce, "Zan zo, Malama. Bari in gama mimbarin nan."

Ya gama mimbari, aka yaba masa a gaban jama'a. Bai je ba. Gaskiyar magana, tsoro yake ji kada ta tambaye shi dalilin da ya sa Allah ya ɗauki 'yarta, ya rasa amsa. Sai ya aiki matarsa da abinci. Ta dawo ta ce, "Maigida, ba abinci take nema ba. Kujera ta ajiye maka a bakin ƙofa." Duk da haka bai je ba. Har hanya ya sauya don kada ya bi ta layinta.

Bayan wata biyar ya ƙarfafa zuciya ya je. Ya tarar da kwaɗo a ƙofa. Maƙwabciyarta ta ce dangi sun zo sun tafi da ita tana jinya, can ta rasu. "Kullum da hantsi tana zaune tana duban hanya."

Tun daga nan kafinta ya kasa addu'a. Kowace kalma ya ɗauko, da muryar Malama take fitowa. Ya ajiye dattijantaka, ya daina sujada, ya fara sha don ya manta. Aikinsa ya lalace, masu kawo aiki suka watse, shago ya rufe.

Na same shi zaune a ƙofar shagon, ya rame. Ya ce mini, "Fasto, so nake in san ko ta shirya da Allah kafin ta tafi. Wa zan tambaya?" Na yi masa maganar gafarar Yesu, yana ji, idonsa na kan titi.

Me ya sata? Wa ya zaga? Babu. An dai miƙa masa rai mai ƙishi, ya ce sai an jima. Ubangiji bai ce sai muna da amsar kowace tambaya ba. Cewa ya yi mu ɗauki nauyin juna. Wa ya daina zuwa sujada a layinku? Wa ka ce wa za ka zo?

Allah ya kiyaye mu da jinkirin da ke cin rai, ya ɗaga ƙafafunmu yau, tun ƙofa tana buɗe.