Tumatirin da Ɗayyabu Ya Rabar

An yi wani mutum, ɗalibi ne kamar ku, a wata kwalejin aikin gona, can wani gari da ba sai na kama sunansa ba. An kwana biyu fa, lokacin iyayen wasunku ko aure ba su yi ba. Ku na baya ku matso, muryata ba kamar da ba ce. Sunan wannan bawan Allah Ɗayyabu, yana shekararsa ta ƙarshe, kamar yadda kuke yau kuna ta ɗokin sa doguwar riga da hula mai igiya.

A kwalejin nan akwai wata al'ada. Duk wanda ya kai ajin ƙarshe, sai a danƙa masa sababbin ɗalibai, a ce ga ƙannenka, ka nuna musu hanya. To, yawancin manyan sai suka mai da ƙannen nan 'yan aike. Ɗebo mini ruwa, wanke mini riga, riƙe mini layin abinci. Kada ku sunkuyar da kai, ban ambaci kowa ba.

Ɗayyabu kam ba haka ya yi ba. In an idar da sallar la'asar sai ya tara nasa a gindin wata tsamiya, ya bi musu karatun da ya shige musu duhu. A cikinsu akwai wani Sallau, ɗan ƙauye, shi ne na farko da ya taɓa shiga kwaleji daga garinsu. Turancin malamai ya sha masa kai, har ya taɓa ɗaure kayansa zai gudu gida. Ɗayyabu ne ya tare shi a bakin ƙofa, ya karɓi jakar, ya ce, "Haba ƙanena, kai da ka iya noma tun kana ƙarami? Sunayen abubuwa kawai suka canja maka. Zo mu koma." Tun daga ranar, in Sallau ya ce "Yaya Ɗayyabu", kai ka ce uwa ɗaya ta haife su.

To ku saurara. Ba a ba ɗan ajin ƙarshe shaidar kammalawa sai ya yi aikin gwaji a gona, malamin jarrabawa ya zo daga wani gari ya gani da idonsa. In ya zo bai tarar da komai ba, sai maimaita shekara. Aikin Ɗayyabu shi ne wani irin tumatir da ake so a gani ko zai jure zafin bazara. Ya yafa irin, ya raine shi, ya fito ya yi yawa har ya fi ƙarfin filinsa. Sauran manyan, in dashe ya yi musu saura, tumɓukewa suke yi su zubar, wai kada wani ya ci gajiyar wahalarsu. Shi kuwa sai ya kira ƙannensa ya raba musu. Ranar da ya dasa nasa, ranar ya bi su ɗaya bayan ɗaya zuwa 'yan kunyoyin da ake ba 'yan ajin farko, ya nuna musu tazara, ya nuna musu ban ruwa. Ya bayar, ya juya, abin ya fita daga ransa.

Bazara ta kama, rana kamar ta dafa mutum. Tumatirin Ɗayyabu ya yi kore shar, ya yi fure, ya fara 'ya'ya. Zuwan malamin jarrabawa ya ƙarato. Sai Sallau ya ga tsutsa ta fara taɓa ganye. Ya ce a ransa, yau dai zan saka wa Yaya. Da sassafe ya tafi ɗakin kayan aiki, ya ɗauko injin feshi irin na goyo, ya haɗa maganin ƙwari daidai yadda aka koya masa, ya bi filin Ɗayyabu kunya-kunya ya feshe tas. Abin da bai sani ba, wanda ya yi aiki da injin kafin shi maganin kashe ciyawa ya zuba, ya ajiye bai wanke ba.

Inna lillahi! Kafin a ce me, ganye ya nannaɗe, fure ya kakkaɓe, fili ya koma kamar an bi shi da wuta.

Kada ku zaci Ɗayyabu dutse ne. Da ya ga filin, sai ya zauna daɓas a kan kunya. Ya tuna mahaifiyarsa, wadda ta riga ta gaya wa maƙwabta kaf cewa bana ɗanta zai gama. Ya yi kuka, wallahi ya yi. Yana nan sai ga Sallau ya zo, ya durƙusa ya ce, "Yaya, ni ne. Taimako na so in yi." Ran Ɗayyabu ya ɓaci matuƙa, magana mai zafi ta zo masa har baki. Ya haɗiye ta. Sannan ya ce, "Na taɓa gaya maka a wanke tanki kafin a zuba magani?" Sallau ya girgiza kai. Ɗayyabu ya ce, "To tashi ka tafi aji."

Dokar kwalejin kuwa a fili take: wanda ya ɓata gonar gwajin wani, kora ce.

Abokin ɗakin Ɗayyabu, Tukur, ya same shi ya ce, "Kai, hanya biyu ce. Ka kai sunan yaron nan ofis, shi a kore shi, kai a duba uzurinka. In kuma tausayi ya hana ka, mu gangara fadama, na san mai lambu, mu ciro tumatir da ƙasarsa mu dasa. Wa zai gane?" Ɗayyabu ya ce, "Tukur, in fara aikin koya wa manoma da shukar ƙarya? Shi kuma yaron, amana aka ba ni shi. Ba zan kai shi ba." Tukur ya ce, "To ka shekara!" Ɗayyabu ya ce, "In Allah ya rubuta, sai in shekara."

Ranar ta zo. Malamin jarrabawa, wani dattijo Malam Isyaku, ba ya da yawan magana, ba ya da yawan dariya. Ya bi gonaki, malamai da ɗalibai na biye, har ya iso filin da ya ƙone. Ya tsaya.

"Na wane ne wannan?"

"Nawa ne, Malam."

"Zafi ne ya kashe shi, ko cuta?"

Kun ji ƙofar da ta buɗe? Da ya ce zafi ne, shi ke nan, iri bai jure ba, gwaji ya ba da amsa, an wuce wurin. Ɗayyabu ya ce, "Ba ko ɗaya, Malam. Maganin ciyawa ne."

"Kai ka fesa?"

"Ba da hannuna ba. Amma ni na koya wa mai hannun feshi, ban koya masa wanke tanki ba. Daga wurina kuskuren ya faro. Sunansa kuwa, ina roƙon a yi mini afuwa."

Malam Isyaku ya ce, "Ka san abin da wannan ya jawo maka?" Ya ce, "Na sani, Malam."

Sai aka ji murya daga baya. "Ranka ya daɗe, ni ne." Sallau ya ratso mutane, hawaye shaɓe-shaɓe. "Ni na fesa, bai sa ni ba. A kore ni, amma don Allah kada a hana Yaya fita."

Dattijon ya dubi wannan, ya dubi wancan. Ya yi ajiyar zuciya ya ce, "Ni dai abin da zan gani na zo nema. Irin ya ƙare ke nan, ba ko tushe ɗaya?"

Sallau ya share fuska ya ce, "Akwai a kunyata, Malam. Yaya ne ya ba ni. Nasa na fara fesawa, maganin ya ƙare kafin in kai nawa." Wata ɗaliba ta ce, "Akwai a tawa." Wani ya ce, "Ni ma ya ba ni." Ɗayyabu ya tsaya baki buɗe. Wallahi shi ya manta.

Aka ɗunguma zuwa filin 'yan ajin farko. Jama'a, ga tumatir nan a tsaye cikin ranar bazara, kore shar, 'ya'ya sun yi nauyi har reshe na taɓa ƙasa. Iri ɗaya, dashen rana ɗaya, tazara ɗaya. Malam Isyaku ya tsuguna ya juya ganye, ya tsinki ɗaya ya latsa, ya yi wa Ɗayyabu tambayoyi ya amsa. Sannan ya miƙe ya karkaɗe gwiwa ya ce, "Fili ɗaya aka ce ka nuna mini, ga shi ka nuna mini a hannun mutane daban-daban. Ka ci." Ya juya ga shugaban kwalejin ya ce, "Yaron nan kuma, dokar don mai ɓarna da gangan aka yi ta. A ba shi wankin injinan feshi har ƙarshen zango, ba zai sake mantawa ba."

Alhamdu lillahi! Wuri ya kaure da kabbara. Ɗayyabu ya dafa kafaɗar Sallau. Tukur kuwa ya fi kowa ihu, kai ka ce shawararsa aka bi.

To 'ya'yana, kun ji. Abin da Ɗayyabu ya killace wa kansa, ya yi masa shinge, shi ne ya ƙone. Abin da ya rabar ya manta, shi ya tsaya masa ranar da ake nema. Kuma da ya yi ƙarya, ko ya miƙa ƙanensa, da ba a kai ga tambayar da ta cece shi ba.

Ku masu fita, ga ƙannenku nan zaune a bayanku. Wanda ya zauna da su a gindin bishiya, ya tare mai shirin gudu a bakin ƙofa, ya kwantar da hankalinsa, shukarsa na nan ko ya tafi. Wanda kuma bokiti kawai ya miƙa musu, bai makara ba, da sauran kwanaki kafin ku ɗaure kaya. Ya nemi ɗaya daga cikinsu yau ɗin nan, ya koya masa abin da shi ba a koya masa ba sai da ya sha wuya. Akwai ranar da za a tsaya a kan filin kowa a ce, ina abin da ka shuka? Allah ya sa ranar a samu masu ɗaga murya su ce, akwai a kunyata.

Ku tashi mu yi addu'a.