Gangaren Duna

Ga ta nan, ga ta nanku, 'yan jikalle.

Ta zo mu ji ta, Kaka.

An yi wani mutum, Jatau, a zamanin da babur bai shigo ƙauyenmu ba. Kaka na yi, hatsi ya shiga rumbu, sai a yi tseren amalanken jakai daga bakin kasuwa, a bi gangaren rafi, a tsaya gindin tsamiya. Kai, an yi zamani! Al'ada kuwa, wanda ya ci sau uku a jere, sunansa ake sa wa gangaren.

Jatau gwani ne, amma zuciya gare shi kamar kuturu. Jakinsa baƙi ne, ana kiransa Duna.

Shekarar farko, suna gangarawa, Jatau ya hau tsula masa bulala. Duna ya ce, "Maigida, sassauta, ai mu ne gaba."

Jatau ya ce, "Ni nake tuƙi ko kai?" Suka ci.

Shekara ta biyu, Duna ya ce, "Maigida, sassauta, ai mu ne gaba."

"Ni nake tuƙi ko kai?" Suka ci. Aka ɗaga Jatau sama ana guɗa, Duna kuwa ko dusa ba a ba shi ba.

Shekara ta uku, wani Ɗanlami ya ɗan matso kusa da su. Jatau ya hasala, ya miƙe tsaye kan amalanke, bulala hagu da dama.

"Maigida, zauna, gangare ne."

"Ni nake tuƙi ko kai?"

Duna ya ce, "To, tuƙa." Jakin ya ja burki, ya tsaya cak. Sai ga Jatau tsundum cikin taɓo! Duna ya ja amalankensa ba kowa, ya riga kowa isa tsamiya.

Dattawa suka ce, "Wanda ya iso sau uku shi ke da suna." Aka sa wa wurin Gangaren Duna.

Jatau ya tsufa, zuciya ta kwanta, Duna ya mutu. Kullum da la'asar Jatau yana zaune bakin gangaren, babura na wucewa. Yara su ce, "Baba, wai wane ne Duna?"

Sai idonsa ya cika da ƙwalla, ya ce, "Abokina ne. Sau uku ya yi min magana, ban ji ba."

Kun ji, yara, gudu kan kai mutum gaba, amma hali ke barin suna.

Ƙurunƙus kan jaki, kowa ya nufi tabarmarsa.