Igiyar Jatau Kamu Biyu

Jatau ɗan Barmo, jikan Sarkin Ruwa Tanimu, Basarke ne gaba da baya, baƙi wuluk, dogo sambal, mai hannu kamar filafili. Ni da ruwa ya haɗiye sau uku ya tofar, ko alif ban sani ba, amma babu malamin da ya fi ni sanin labarinsa, don ina cikin ayarin.

Shekarar da kogin Birnin Gwadare ya ƙafe ƙaf, Sarki Alwali ya kwaso talakawansa cikin kwalekwale arba'in ta wani kogin zuwa bakin teku. Teku kuwa ba kogi ba ce, kullum sai raƙuman ruwa sun maka jirgi ɗaya da dutse, har saura ashirin da bakwai. Sarki ya ce, "Jatau, nemo mana lungun da iska ba ta shiga, ko mu ƙare."

Jatau ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ɗauki mahaifinsa Barmo, tsoho tukuf, makaho, gurgu, wanda da ya ɗanɗana ruwa zai faɗi zurfinsa, ya sa shi a jirgi. Kwana goma sha ɗaya suna bin gaɓa. Wani mashigin duwatsu ne masu haƙora, wani kuwa Barmo ya ɗanɗana ya tofar, ya ce, "Wuce, yaro, nan kabari ne."

Da hantsi suka shiga wani lungu shiru tsit, kwance lumui, tsaunuka biyu sun rungume shi, ruwan ko gwiwa bai kai ba. A jikin tsauni ga ƙofar murjani, fadar Zurƙalla, Sarkin aljannun gaɓa. Jatau ya kafa turke cikin laka, ya ɗaure goshin jirgi can gindinsa, igiya kamu biyu, ƙulli tamau, yadda kowane Basarke ke yi a kogi.

Barmo ya ce, "Ka matse ni kamar akuyar sayarwa."

"Baba, don kada ruwa ya tafi min da kai ne."

"To je ka, ni zan ɗan runtsa. Ka gaida su da ladabi, kada ka yi musu bakin nan naka."

Jatau ya ratsa zaure bakwai, kowanne da dogarai masu kan kifi, kowanne sai an tsayar da shi ya faɗi sunan kakanninsa, har rana ta take tsaka kafin ya durƙusa gaban Zurƙalla, mai rawanin kumfa, mai gemun gansakuka. Ya ce, "Ranka ya daɗe, masauki muke roƙo."

Zurƙalla ya ce, "Na ba ku lungun, ɗan kogi, har jikokinku. Sharaɗi ɗaya ne. Tekuta tana numfashi sau biyu a yini, ta janye, ta ciko tsayin mutum biyu. Kowa ya sakar wa jirginsa igiya gaba bakwai. Kai nawa ka sakar wa naka?"

Jatau bai yi sallama ba. Ya keta zauren bakwai da gudu, ya tarar lungu ya cika maƙil, babu turke, babu jirgi, sai hular Barmo tana juyi a kan ruwa. Ya nutsa har sau tara, ƙullin da ya yi da hannunsa ya ƙi kwantuwa. Sai da teku ta janye da la'asar ta ba shi mahaifinsa, kwance cikin jirgi, yatsunsa riƙe da igiyar, kamar yana laluben ƙullin.

Jatau ya koma ya jawo mu, jirgi ashirin da bakwai, ko ɗaya bai sake fashewa ba. Sarki Alwali ya naɗa shi Sarkin Ruwa, aka yi kiɗa kwana bakwai, shi kuwa ko loma ba ya iya haɗiyewa. Shekara talatin yana sarauta, kuma kowace safiya za ka gan shi da rawaninsa cikin laka, yana bin turaku ɗaya bayan ɗaya, yana auna igiyar mutane da hannunsa. In ya zo turken farko sai ya tsaya, ya ce, "Baba, na sassauta."

Allah Ya jiƙan Barmo, Ya sanyaya zuciyar ɗansa.