Ruwan da Dattijo Cornelius Ya Saki

Akwai wani manomi mai suna Cornelius, wanda ranar Talata, sha biyar ga Janairu, 2019, da ƙarfe tara da kwata na safe, aka mayar masa da famfon feshinsa a bakin gonarsa, tsakanin Kura da Bunkure. Daga wannan sa'ar komai ya fara.

Wanda ya kawo famfon shi ne Jerry, ɗan ƙasarsu da ya zo noman rani shekara uku kafin nan. Ya ara ne don ya fesa wa alkamarsa maganin ciyawa.

"Ka wanke shi?" in ji Cornelius.

"Na wanke, Baba. Har sau biyu, da omo."

Bai wanke ba. Sauri yake yi kada layinsa na ban ruwa ya wuce shi.

Cornelius ya zuba maganin ƙwari a cikin famfon, ya bi tumatirinsa eka biyu yana feshi, ga shi tumatirin ya yi fure. Bayan kwana uku ganye ya nannaɗe, fure ya zube, saboda ragowar maganin ciyawa da ke cikin famfon. Gonar da take ba da kwando ɗari uku, a shekarar nan ko talatin ba ta cika ba.

Cornelius dattijon ikilisiya ne. Shekara ashirin da shida bai taɓa makara sujada ba. Kwandon farko na kowace kaka na coci ne. Bai taɓa jera ruɓaɓɓen tumatir a ƙasa ya rufe da manya a sama ba, shi ya sa dillalan Kura ba sa zazzage kwandonsa. Ko Musulmi suka yi gardamar iyaka, shi suke kira shaida. A ransa yana ganin ranar da zai tsaya gaban Allah, ba zai sunkuyar da kai ba.

Ranar Lahadi, ashirin ga wata, dattawa suka kira Jerry. Bai yi musu ba. Ya durƙusa ya ce, "Na yi ƙarya. Baba, ka gafarta mini." Aka sa masa horo: wata uku a bencin baya, ba zai ci Jibin Ubangiji ba.

Cornelius ya so a ce shekara. Da bai samu ba, sai ya riƙa karɓar abin da ya samu. Kowace Lahadi yakan juya daga kujerar dattawa ya dubi bencin baya, ya ƙoshi da kallon. Sati biyu na farko Jerry kansa a ƙasa yake. A sati na uku sai ya fara rera waƙa. A na biyar muryarsa ta fi ta 'yan mawaƙa.

"Ji shi," in ji Cornelius ga matarsa Catherine a hanyar gida. "Ya kashe mini gona, yana waƙa kamar an yi masa haihuwa."

"To, Baban Marvellous, kuka kake so ya yi ta yi?"

"I. Har ya mutu."

Ranar Laraba kafin Ista, Fasto Israel ya gaya wa dattawa cewa ranar Lahadi za a karɓi Jerry. Da sauran suka watse, Cornelius ya tsaya.

"Fasto, me yaron nan ya yi da za a ce ya wanku? Zama ya yi a kan katako. Ko akuya ta iya wannan."

"Ba zaman ne ya wanke shi ba, Dattijo. Bencin don mu ne, don jama'a su ga ba mu ɗauki ƙarya wasa ba. Amma a gaban Allah, tun ranar da ya tuba ya jingina ga Yesu aka lasafta shi mai adalci."

"Mai adalci? Jerry?"

"Da adalcin Almasihu, ba da nasa ba."

"To, ni fa? Shekara ashirin da shida ina ta wahala, sai a tsayar da ni layi ɗaya da shi?"

"Ƙofa ɗaya ce, Baba. Ni ma ta nan zan shiga."

Cornelius ya ɗauki hularsa. "In haka sama take da araha, to, ƙasa ba ta da araha."

Ga yadda gonakin suke. Ƙaramar magudanar ruwa tana wucewa ta gefen gonar Cornelius. Ƙasa da shi akwai filin da Malam Iliyasu, wani dattijon Musulmi haifaffen wurin, ya ba Jerry yake nomawa. Ƙasa da wannan kuma gonar Malam Iliyasun ce da kansa. A makon nan dukansu biyu sun cire albasa sun shanya a cikin fangalai, tana jiran ta bushe a zuba a buhu. Buhun yashi guda biyu ne kawai suka toshe bakin ruwan.

Ranar Juma'a, sha tara ga Afrilu, aka yi sujadar tuna mutuwar Yesu da safe. Cornelius ne ya yi addu'ar rufewa. Da ƙarfe ɗaya da rabi, lokacin da Musulmi duk suka tafi masallaci, Kirista kuma suna gida suna hutun rana, ya taka zuwa gona shi kaɗai. Ya duba gabas, ya duba yamma. Ya janye buhunan.

Ya tsaya yana kallon ruwan yana shiga fangali ɗaya bayan ɗaya, yana ɗaga albasar Jerry. Wani sanyi ya sauka a ƙirjinsa, irin wanda bai ji ba tun Janairu. Ya yi niyyar mayar da buhunan bayan rabin sa'a. Amma ya ji ƙarar babur a kan hanya, sai ya bi ta cikin masara ya tafi gida.

Ruwa bai tsaya a iyakar Jerry ba. Kafin a sauko daga masallaci a ci abinci a dawo, ya fasa kunya ya kwanta a gonar Malam Iliyasu. Albasar da ta sha ruwa bayan an cire ta, a zafin Afrilu, ba ta kwana biyu ba ta ruɓe ba.

Ranar Asabar da hantsi aka taru a bakin magudanar. Malam Iliyasu yana tsaye, ya naɗe wando, idonsa ja. Jerry yana ta rantsuwa bai taɓa buhunan ba.

"Rufe mini baki," in ji Malam Iliyasu. "Kai da ka yi wa dattijonku ƙarya, ni ne za ka bari?" Ya juya. "Malam Karniliyus, kai ne kusa da bakin ruwan nan. Shekara ashirin muna tare, ban taɓa kama ka da kalma biyu ba. Abin da ka faɗa shi ke nan. Ka ga wani jiya?"

Cornelius yana iya cewa bai ga kowa ba. Amma ya dubi Jerry, ya tuna waƙar nan ta bencin baya.

"Na hango Jerry wajen azahar, yana taɓa buhunan."

Bai ji muryarsa ta yi rawa ba. Ya yi mamakin sauƙin abin.

"Shi ke nan," in ji Malam Iliyasu. "Jerry, ka kwashe kayanka. Ba ka ƙara sa fartanya a ƙasata."

Kowa ya san ma'anar wannan. Wanda Malam Iliyasu ya kora da shaidar Cornelius, ba mai ba shi fili daga Kura har Bunkure.

Ranar Ista coci ta cika har waje. Fasto Israel ya ce maganar ruwa ba ta zo gaban dattawa ba tukuna, horon da aka yanka kuwa ya cika. Ya kira Jerry ya dawo cikin jama'a. Sannan ya tsaya a bakin teburin Jibi ya ce, "Kada kowa ya miƙo hannu don yana ganin ya isa. Wannan tebur na waɗanda suka san ba su isa ba ne, suka kuma san wanda ya isa dominsu."

Cornelius ne mai ɗaukar faranti. Ya bi layi layi har ya iso gaban Jerry. Ya shirya wa harara, ya shirya wa zagi ma. Jerry ya ɗauki gurasar da hannu biyu, ya matso ya yi magana ƙasa ƙasa.

"Baba, ban san wa ka hango ba, amma ba ni ba ne. Na san ba ka ƙarya. Wataƙila rana ce ta kashe maka ido. Ban riƙe ka ba."

Cornelius bai san yadda ya gama sauran layukan ba. Dattawa ne suke ci a ƙarshe. Fasto ya karɓi farantin ya miƙa masa. Hannun Cornelius ya ƙi tashi. Ya nemi abin da zai dafa a cikin shekarun nan ashirin da shida: kwandunan farko, sujadar asuba, tumatirin da bai taɓa ɓoyewa ba. Duk suna nan, ba wanda ya ɓace. Amma ko ɗaya bai iya mayar da buhun yashi guda a bakin ruwa ba.

"Dattijo?" in ji Fasto.

Cornelius ya juya ya fuskanci jama'a.

"Ni na saki ruwan. Da gangan na yi. Jiya kuma na yi shaidar zur a kan yaron nan."

Catherine ta rufe fuska da gyale. Cornelius ya sauko, ya bi tsakiyar coci har ƙarshe, ya zauna a bencin baya, inda babu wanda ya ce masa ya zauna tukuna.

Da aka tashi, mutane suka fita suna kauce masa. Fasto ya zo ya tsaya. Jerry ya tsaya nesa kaɗan, yana huci, hawaye na zuba.

"Fasto," in ji Cornelius, "wata nawa zan yi kafin Allah ya sake dubana? Ka faɗa. Ko shekara goma, zan yi."

"Har yanzu ciniki kake yi, Baba. Dattawa za su yanka maka horo, kuma sai ka je wurin Malam Iliyasu yau ɗin nan. Amma ko ka yi shekara ɗari a nan, ba za ka saya ba. Ba na sayarwa ba ne."

Cornelius ya ɗaga kai wajen wanda bai taɓa tambayarsa komai ba.

"Jerry, kai yaya ka yi har ka iya waƙa a wurin nan?"

Jerry ya share fuska da bayan hannu. "Baba, yanzu raina a ɓace yake, ba zan ɓoye maka ba. Amma tunda ka tambaya. Ni ban da abin nunawa tun farko. Na ce, Yesu, ga ni, ba ni da komai, kai ka mutu saboda irina. Shi ke nan abin da na yi."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

Tsohon ya zame daga bencin ya durƙusa a kan siminti. Ya yi shekaru yana yi wa ikilisiya dogayen addu'o'i masu tsari. Ta ranar nan kalma huɗu ce, ita ma aro ya yi daga bakin Jerry.

"Ba ni da komai."

Da la'asar ya tafi gidan Malam Iliyasu ya faɗi gaskiya a gaban maƙwabta. Malam Iliyasu ya dube shi ya ce, "Albasa za ta sake fitowa baɗi. Amma wa zan kira shaida yanzu?" Ya aika a gaya wa Jerry filinsa na nan.

Jerry ya gode, amma ba shi da abin da zai sake shukawa. A farkon damina ya koma ƙasarsu da iyalinsa. Kafin ya hau mota ya je ya gai da Cornelius, ya ce ya yafe.

Waɗanda suka rage su ne: Malam Iliyasu, wanda yake amsa gaisuwar Cornelius amma bai ƙara kiransa shaida ba. Fasto Israel. Catherine, wadda ta kwashe jakarta ta koma zama a baya kusa da mijinta, ko da yake ba a sa mata horo ba. Da Cornelius, wanda bai ƙara hawa kujerar dattawa ba, amma ya koma cin Jibi, yana miƙa hannu biyu.

Darasi: Ba tarin ayyukanmu ne yake sa Allah ya karɓe mu a matsayin masu adalci ba, bangaskiya ce ga Yesu Almasihu, kyauta kuma ake bayarwa. Aikin kirki yana biyo baya, ba ya saye. Wanda yake jin zafin an gafarta wa ɗan'uwansa, bai gane yadda shi kansa zai shiga ba. Ku tura wannan ga wanda yake ganin ya isa, da wanda yake ganin ya yi nisa.