Mai Shaidar Jatau

An yi wani dagaci da ya hana mutanensa leƙa gidan dambe in sun shiga birni cin kasuwa. Wanda duk ya leƙa, sai ya share kasuwar ƙauye wata guda. Rannan aka kai ƙarar Jatau mai tabarma, wai ya shiga.

Dagaci ya ce, "Kawo mai shaidar da ya zauna ciki tun farko har ƙarshe bai gan ka ba."

Jatau ya san ba mai yarda ya jawo wa kansa shara. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ni a rumfar masu fura na zauna. Na dai ji an ce ɗan damben Kudu ya kayar da na Arewa."

"Ƙarya ne," in ji dagaci. "Na Arewa ne ya shimfiɗe shi, a kan idona. Tun damben farko ban motsa ba."

"To, ka gan ni a ciki?"

Dagaci ya gyara rawani. "Ban gan ka ba."

"Madalla, na samu mai shaida. Saura tsintsiya, ranka ya daɗe. A kawo, ko a yafe masa?"