Yadda Kanari Ya Samu Ɗan Amshi

Ga ta nan, ga ta nanku, yara!

Ta zo mu sha!

Giwa ta haihu, ta sa Kanari ya tsara waƙar suna. Amma kullum da sassafe Aku sarkin surutu zai faɗo masa da labaran daji, har waƙar ta gudu.

Kanari ya ruga wurin Kunkuru. "Baba, saura kwana uku, ko baiti ban yi ba!"

"Yaro, da ka farka, kurɓi ruwa, ka rera baiti uku kafin ka buɗe wa kowa ƙofa."

Kashegari Aku ya tarar da ƙofa a rufe, waƙa na tashi. Yana jira, har ya haddace amshin.

Ranar suna Giwa ta yi rawa har ƙasa na girgiza. Wa ke amshi? Aku!

Ƙurunƙus, ga kan kusu nan!